Sunan Ciwon Mama

Belzoni, Mississippi
Ƙarshen watan Maris

Yaya Idella,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya sanyin Cikago, ya sake ku ko har yanzu kuna yawo kamar an naɗe ku a katifa? Mu nan lafiya lau, 'yata Sharonda da mijinta Cedric da jikarki Nyla duk suna gaishe ki, ko da yake ba su san ina rubuto miki ba.

Na san za ki ce me ya sami Ozella ta koma rubuta wasiƙa alhali ga waya. Dalili biyu ne. Tun da kunnen nan naki ya fara yaji, duk abin da na faɗa a waya sai kin maimaita shi da ihu, har maƙwabta su ji. Na biyu kuma, abin da zan gaya miki irin wanda Mama ta hana mu furtawa da baki ne. Amma ban taɓa jin ta hana a rubuta ba.

Akwai ƙulluto a nonona na hagu. A wurin wanka na ji shi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na je asibiti ni kaɗai, sun ɗauki hoto, sun ce za su tsakuri ɗan nama su duba. Ban gaya wa kowa ba sai ke. Kin tuna abin da Mama take cewa: "Kada ki kira sunan ciwo, in kin kira shi kin ba shi kujera." Har yau haka ake a cocinmu. Mace za ta rame ta zama tsinke, a tambaye ta, ta ce, "Ban karɓe shi ba, cikin sunan Yesu." Mu kuma mu ce amin, mu kai mata miya.

To ga inda abin ya haɗu. A watan Yuni zan cika sittin da biyar, in ajiye wuƙa, in bar kamfanin tarwaɗa bayan shekara talatin da wani abu ina feɗe kifi a cikin sanyi. Ranar da na bar aiki inshorar lafiya ta kamfani ta bar ni, sai katin Medicare, wanda gwamnati ke ba tsofaffi. Ke da kika yi aikin gidan waya ba ki san wannan wahala ba, taki ta biyo ki har gida. Ni kuwa katin gwamnati kashi tamanin cikin ɗari yake biya na likita, sauran ashirin a wuyana, kuma ba ruwansa da maganin da nake sha. Dole in zaɓi abin da zai cike gurbin.

Yaya, ban san ana sona a ƙasar nan ba sai bana. Akwatin wasiƙata kullum cike yake da hotunan tsofaffi masu fararen haƙora suna dariya a bakin teku. Waya kuwa ba ta hutawa. Jiya wani ya kira ni "Mis Ozella, abokiyata." Na ce masa, "Ɗana, in ni abokiyarka ce, zo ka gyara min famfon bayan gida." Sai ya kashe.

Waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Dattijo Purvis, baban Cedric. Kin san tun da ya bar koyarwa yake dillancin inshora, rabin tsofaffin cocinmu ta hannunsa suka shiga. Ranar Asabar ya zo da jakarsa, ya zauna a baranda, na ba shi shayi mai ƙanƙara. Ya ce, "Surukata, na kawo miki hutu. Tsarin nan ba ki ƙara ko kwabo a wata. Magani na ciki, tabarau na ciki, haƙori na ciki, har katin cefane za su ba ki. Sa hannu kawai." Ni da na yi rayuwata da tarwaɗa, in na ga tsutsa tana rawa a ruwa sai na duba ko da zare a jikinta. Na ce, "Dattijo, in na je Cikago fa, yana aiki?" Ya ce, "In kin faɗi a titi za su ɗauke ki. Amma likitocinsa na nan yankinmu ne. Me za ki je yi Cikago, ke da ko Memphis nan kusa sai an ja ki?" Na ce ya bar min takardun in yi addu'a a kansu.

Ba na so ki ɗauka mugu ne. Mutumin nan shi ya tsaya a kan komai ranar da mijina Lonzo ya rasu, shi ya riƙe hannuna a bakin kabari. Cewa a'a gare shi kamar in tofa yawu a akushin da na ci ne.

Amma na riga na yi tunani. In abin nan ya zama abin da nake zato, bayan an yi aiki gashin na'ura kullum ake zuwa, makonni. Daga nan zuwa babban asibitin Jackson tafiya ce mai nisa, Sharonda tana aiki, ga goyo, ni kuma ba zan iya tuƙi da hannu ɗaya ba. Ke kuwa asibiti yana bayan gidanki, bas ɗaya ce. Wurinki nake so in yi jinya, Yaya. Ba zan sa hannu a kan abin da zai ɗaure ni a nan ba, ko wa ya kawo shi.

Kada ki kira waya a kan maganar nan. Ki rubuto. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Ozella

Belzoni
Bayan Ista

Yaya Idella,

Bayan gaisuwa da fatan kin yi Ista lafiya. Na sami takardarki, na ga inda tawada ta jiƙe, kuma ban yarda ruwan sama ne ba. Na gode da kika ce ɗakin baya nawa ne. Ki daina kuka tun yanzu, ki adana hawayen, sai na zo mu ga ko za a buƙace su.

Sakamako ya fito. Shi ne. Likita ta ce ƙarami ne, bai yi nisa ba, an kama shi da wuri. Ta ce in an yi aiki farkon Yuni babu laifi, amma kada in wuce haka. Na fito na zauna a mota, na jira tsoro ya zo. Ya zo kuwa. Da ya lafa sai fushi ya maye gurbinsa, kuma fushin ya fi min amfani.

Washegari na kwashe duk kwalaben maganina, na hawan jini da na sukari da na shaƙa, na zuba a ledar cefane, na tafi ɗakin karatu na gari. Akwai masu ba da shawara kyauta a can, ba sa sayar da komai. Kin san wa na tarar? Misis Quon, 'yar mai kantin Sinawan nan da muke sayen alewa muna yara. Ta tsufa kamar mu, amma ta gane ni. Ta ce, "Ozella, ina yayarki mai satar tsami-gaye?" Kin ji, Yaya, shekara sittin ba a manta ba.

Ta jera kwalaben a tebur tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kushe tsarin Dattijo ba. Ta ce yana yi wa mutane da yawa daidai, musamman wanda likitocinsa ke ciki kuma ba ya zuwa ko'ina. Amma maganin shaƙata ba ya cikin nasu, sai dai a canja min. Ɗaya hanyar kuma ita ce in riƙe katin gwamnati, in sayi inshorar ciko da za ta ɗauki ragowar ashirin ɗin, in sayi ta magani daban. Wannan ana biya duk wata, kuma yana cizo. Sai dai da ita duk likitan da ke karɓar katin gwamnati nawa ne, daga nan har Cikago.

Sai ta gaya min abin da ya sa na gyara zama. Ta ce daga watan da katina ya fara aiki ina da wata shida da kamfanin ciko ba shi da ikon tambayata lafiyata, balle ya ƙi ni. Tunda kuma ban taɓa yanke inshorar wurin aiki ba, ba za su sa ni jira kafin su fara biyan kuɗin ciwon da na zo da shi ba. In wata shidan suka wuce, a jiharmu suna iya tambaya, suna iya rufe ƙofa. Na ce, "Wato ba sai na faɗa musu abin da ke damuna ba?" Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ba sai kin faɗa musu ba. Ni ma ba sai kin faɗa min ba." Na so matar nan a lokacin.

Nan take na tuna Uwa Arzula, mai jan waƙa a coci. Bara ta so ta koma ciko da ƙodarta ta fara ciwo, aka ƙi ta. Mun yi ta cewa jarrabawa ce daga Allah. Ashe ƙofa ce ta rufe tun da daɗewa, babu wanda ya gaya mata akwai ta.

Na cike takardun ciko da na magani a ranar. Don kada biyan wata ya shaƙe ni, na sayar da kwalekwalen Lonzo. Shekara huɗu yana bayan gida kaji na ƙwai a ciki, na san shi ma da zai ce in sayar.

Rigimar ta tashi ranar Lahadi a gidan Sharonda. Ana cikin cin soyayyen kifi da burodin masara Dattijo ya ce, "Surukata, addu'ar ta ƙare?" Na ce ta ƙare, kuma an amsa, na ɗauki ciko.  Ya ce, "Ai ko gwadawa kya yi. Shekarar farko in bai yi miki ba kina iya komawa." Gaskiya ya faɗa, Misis Quon ma ta gaya min haka. Amma ni bana nake buƙata, ba baɗi ba, kuma ba ni da bakin faɗa masa dalili. Sai na ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Sharonda ta bi ni har kicin. Ta ce, "Mama, kin kunyata ni a gaban surukina. Ke da kika fi jaki lafiya, me za ki yi da inshorar masu kuɗi? Kin sayar da kwalekwalen Baba don ki biya abin da ake ba ki kyauta?" Na ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa." Ta ce, "Ni ba karin magana na tambaye ki ba. Cikago ce, ko? Inna Idella ce ta zuga ki." Na ce, "Jikina ne, shekaruna ne, hannuna ne ya sa hannu." Na ɗauki kwanona na fito, ko kek ɗin dankali ban tsaya ci ba, kin kuwa san ba ƙaramin abu ke sa ni barinsa ba.

Ya yi min zafi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ita kaɗai gare ni. Amma ban fasa ba. Ki nemo min likitan da kika ce ya yi wa maƙwabciyarki aiki, ki tambaya ko yana karɓar katin gwamnati, in sa a tura masa hotunan.

Ki shafa man zafi a gwiwa, ki daina hawa bene da kaya.

Taki har kullum,
Ozella

Belzoni
Tsakiyar watan Mayu

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya kamar yadda nake a tsaye da ƙafafuna. Na gode da maganar likita, sun kira ni sun ba ni rana. Yanzu ki nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, don ƙanwarki ta yi abin da ba a taɓa yi ba a cocin Mama.

Tun ranar cin kifin nan gari ya ɗauka. Kin san mu, ba a faɗa maka a fuska, sai dai gaisuwa ta gajarce. A kwamitin girki aka daina tambayata gishiri ya ji ko bai ji ba. Wata ta ce a bayana, da ƙarfin da zan ji, "Wasu sun feɗe kifi har sun fi dattawan coci ilimi." Matar Fasto ta zo gida da ayaba da murmushi, ta ce, "'Yar'uwa Ozella, zumunci ya fi inshora. Ki je ki ba Dattijo haƙuri, ki bar shi ya gyara miki takardun, har yanzu da lokaci." Na ce, "Uwargida, na gode da ayaba." Sharonda kuwa ta daina kawo min Nyla. Wannan ne ya fi ci min rai, gidan ya yi min faɗi.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Lavonne, wadda muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layin feɗe kifi. Ita ma bana za ta cika shekarun. Ta ce min, "Ni dai na ga yadda aka yi da ke, zan sa hannu kawai in huta." Na ce, "Kin kai magungunanki an duba?" Ta ce, "Wane magani? Ni ban karɓi komai ba." Alhali ina ganinta tana haɗiyar ƙwaya a bayan injin ƙanƙara, ƙafarta ta kumbura har takalmin roba ba ya shiga.

Sai ga Lahadin iyaye mata. Kamar kullum, mai uwa a raye ta maƙala jan fure, wadda tata ta rasu ta maƙala fari. Ina maƙala farin nan a gaban madubi sai na ga Mama. Ba Mama mai ƙarfi ba, Mama ta ƙarshe, wadda take ɗaure ƙirji da tsumma, tana fesa turare don kada mu ji wari. Ke kina Cikago, ni na wanke tsummokaran nan. Har ta mutu ba ta je asibiti ba, har aka binne ta ba wanda ya faɗi sunan abin. "Ta gaji ne," in ji mutane. Ba ta ba shi kujera ba, Yaya, amma ai bai tsaya jiran kujera ba, gadon gaba ɗaya ya ɗauke.

Da aka zo lokacin shaida na miƙe. Na riƙe bayan benci. Na ce, "Ina gaida Fasto da dattawa da iyaye. Farin furen nan na uwata ne, Hattie Mae. Kun ce gajiya ce ta kashe ta. Ba gajiya ba ce, sankarar nono ce." Wata ta ce, "Yesu!" Na ce, "Shi ma yana ji. Kuma ni Ozella ina da ita, a hagu." Uwa Arzula ta ɗaga hannu tana cewa, "Kada ki karɓe shi, 'yata, kada ki karɓa!" Na ce, "Uwa, ban karɓe shi ba, shi ya zo ba sallama. Ɓarawo in ya shigo gida ba a rufe ido a ce ba a gan shi ba, ihu ake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na juya wajen Dattijo Purvis, na ce, "Surukina, ban raina ka ba, kuma ban manta alherinka ba. Abin da ka kawo min mai kyau ne ga mai zama a gida. Ni tafiya ce a gabana, wurin yayata za a yi min aiki. Da na gaya maka gaskiya da ba ka matsa ba, amma an koya mana kada mu faɗa. To ta yaya mutum zai zaɓar maka takalmi kana ɓoye masa ƙafa?" Sannan na ce wa matan, "Duk wadda shekarunta suka kusa, ta zuba magungunanta a leda ta kai a duba kafin ta sa hannu a ko'ina. Ba rashin bangaskiya ba ne. Allahn da ya ba mu addu'a shi ya ba mu ido." Na zauna.

Ba a yi tafi ba, kada ki zata. Mai piyano ya rasa abin yi, ya kama waƙar da ba a shirya ba. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu suna hararata kamar na yi tsirara. Fasto ya yi addu'a doguwa, ya zagaye sunan ciwon kamar mai zagaye kududdufi. Da aka tashi Dattijo ya zo ya kama hannuna biyu, ya ce, "Surukata, da kin faɗa min." Na ce, "Ga shi na faɗa." Lavonne kuwa, ranar Talata na hango motarta a gaban ɗakin karatu.

Sharonda ce ban san yadda ta ɗauki abin ba. Tana bencin gaba da jan furenta. Tun kafin in gama ta ɗauki Nyla ta fita, ban ga fuskarta ba. Na kira, ba ta ɗauka. Na san na yi mata ba daidai ba da ta ji a bainar jama'a, amma in da zan koma Lahadin nan, zan sake miƙewa.

Ki yi min addu'a, kuma ki kira sunan abin a cikin addu'ar, kada ki ce "wannan matsala."

Ƙanwarki,
Ozella

Belzoni
Farkon watan Yuni

Yaya Idella,

Gaisuwa da kewa. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, don zan buƙaci mai hawa da sauka. Wataƙila ni da takardar nan mu iso tare, amma akwai abin da na fi so ki karanta, don in na faɗa da baki za mu yi ta kuka a tasha mu ba mutane dariya.

Katunan sun iso, na gwamnati da na ciko da na magani, suna cikin jakata. A wurin aiki sun yi min walima, sun ba ni agogon bango mai siffar tarwaɗa. Shekara talatin ina kallon kifi, yanzu kuma shi zai riƙa gaya min lokaci.

Shekaranjiya da hantsi ina bayan gida ina ba kubewa ruwa sai ga Sharonda, da mataji da man kitso a hannu. Ba gaisuwa, ta ce, "Zauna. Ba za ki je wa Inna Idella da kai kamar sheƙar kaza ba." Na zauna a matakalar baranda, ta zauna a sama, ta sa kaina tsakanin gwiwoyinta kamar yadda nake yi mata tana yarinya. Tana ja da ƙarfi, na san hukunci ne, na daure.

Can na ce, "Ki yafe min da kika ji a coci." Ta ce, "Ba a coci na ji ba, Mama. Tun kafin Ista na sani." Na so in juyo, ta danne min kai. Ta ce, "Duk rayuwarki a hagu kike ɗaukar yaro. Rana ɗaya kika koma saɓa Nyla a dama, in ta faɗo ƙirjinki sai ki cije leɓe. Kin ɗauka makauniya kika haifa?" Na ce, "To me ya hana ki tambaya?" Ta ce, "Wa ya koya min tambaya?"

 Na ce, "Kin sani, kuma kika matsa min in ɗauki na surukinki?" Sai hannunta ya tsaya a kaina. Ta ce, "Saboda shi ne zai riƙe ki a nan. Da na bar aikin in kai ki Jackson kullum. Jirgin ƙasan nan na tashar Greenwood mai zuwa Cikago, wa ya taɓa dawo mana da shi? Inna Idella ta hau tana budurwa, sai jana'iza take kawo ta. Kawu ɗan'uwanku ya hau, a akwatin gawa ya dawo. Na gwammace ki yi fushi da ni kina nan, da ki tafi kina sona." Na ji ɗumi yana sauka a tsagar kitsona.

Ashe duk wannan faɗan ba don kunyar suruki ba ne. Na bar ta ta yi kukanta, ni ma na yi nawa. Sannan na ce, "Ki saurare ni. Ba za ki bar aikinki ba, ba za ki kashe kanki a hanyar Jackson da goyo ba. Na sayi abin da zai kai ni Cikago, shi ne kuma zai biyo ni gida, don ba ya tambayar a wace jiha nake. Tikitin jirgina ma na zuwa da dawowa ne, je ki duba a kan firiji." Ta je ta duba da gaske, 'yar nema. Da ta dawo na miƙa mata butar ban-ruwa, na ce, "Kubewar nan a hannunki take. In na dawo na tarar ta bushe, ni da ke ne."

Ta gama kitson, ta ɗaure min kallabi. Tana tattara mataji ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na je an ɗauki hoton nawa jiya. Na gaya wa likita kakata da uwata duk sun yi sankarar nono." Da bakinta ta faɗa, Yaya, a barandar Mama, kuma rufin gidan bai faɗo ba.

Dattijo Purvis ne zai kai ni tasha, shi ya roƙa. Ki zo da keken tura kaya, don na ɗauko miki garin masara da barkono da kifi a ƙanƙara. Ki share ɗakin baya, amma kada ki sayi sabon labule, kada kuma ki saba da ni. Yaƙi na zo yi, ba zama ba, kubewata tana jirana.

Shi kuma likitan naki, ki gaya masa ya wasa wuƙarsa da kyau. Matar da zai yi wa aiki ta shekara talatin da wuƙa a hannu, in ta dakushe zan sani.

Sai kin gan ni.

Ƙanwarki, 'yar Hattie Mae,
Ozella